Hannuna na rawa a gaban alƙalan gwajin kiɗa, yaya zan yi?

Tambaya: Ni ɗaliba ce daga Jos, shekarata biyar ina koyon biyolin, wato gogen Turawa, kuma ina shirin gwajin shiga makarantar kiɗa ta MUSON da ke Legas. A ɗakina kiɗan yana fita sumul, amma da zarar na tsaya gaban mai sauraro sai gabana ya faɗi, bakina ya bushe, hannuna ya kama rawa. Shin alama ce ta cewa ba ni da baiwar?

Amsa: Ƙanwata, wannan ba shi da alaƙa da baiwa ko rashinta. Idan ƙwaƙwalwa ta hango abin da ta ɗauka haɗari ne, sai jiki ya saki sinadarin adirenalin, zuciya ta ƙara gudu, jini ya karkata zuwa manyan tsokoki, yawu ya ragu, yatsu su yi sanyi. Shiri ne da ya dace da mai gudun tsira, amma ke aikinki yana kan 'yan yatsu huɗu na hagu da sandar da kike goga tsirkiya da ita, inda ɗan motsi kaɗan yake fitowa fili a cikin sauti. Tun a 1908 wasu masana biyu a Amurka, Robert Yerkes da John Dodson, suka nuna cewa matsin lamba daidai gwargwado yana taimaka wa koyo, sai dai aiki mai wuya ba ya jure shi da yawa. A kan ɓeraye suka yi gwajin, amma duk makaɗin da ya taɓa hawa dandali zai gane kansa a ciki.

A ganina kuskuren yawancin ɗalibai shi ne suna bitar kiɗan ba sa bitar tsayuwar. A ɗaki, idan kin yi kuskure sai ki tsaya ki koma baya, ki maimaita har ya gyaru, alhali a ɗakin gwaji sau ɗaya tak za a ba ki dama. Saboda haka, tun saura mako uku ko huɗu, ki riƙa shirya wa kanki gwajin wucin gadi. Ki zaunar da ƙannenki ko ƙawayenki biyu a kan kujera, ki sa kayan da za ki sa ranar har da takalmin, ki fita waje ki jira minti goma, sannan ki shigo ki gaishe su, ki daidaita tsirkiyoyinki, ki kaɗa daga farko har ƙarshe ba tsayawa, waya tana naɗa. Wani lokacin ma ki hau bene da gudu ko ki yi tsalle har sai kin ji zuciyarki tana dukan uku-uku, nan take ki ɗauki gogen ki fara. Manufar ita ce hannunki ya saba aiki yayin da zuciya take gudu, domin ranar gwaji za ta yi gudun ko kin so ko kin ƙi. Idan kin saurari abin da kika naɗa, sau da yawa za ki tarar rawar da kika ji kamar girgizar ƙasa da ƙyar take fitowa.

Layukan farko su ne suka fi bukatar kulawa, domin a nan fargaba take da ƙarfi. Kafin ki ɗora sandar, ki ja numfashi kina ƙirga huɗu, ki sake shi kina ƙirga shida, tunda fitar da numfashi a hankali yana sassauta bugun zuciya, sannan ki rera farkon a ranki don ki kama saurin da kike so. Mai fargaba yakan fara da sauri fiye da yadda ya saba, kuma daga nan ake samun tuntuɓe. Idan kuskure ya faru, kada ki yamutsa fuska, kada ki nemi afuwa, ki ci gaba. Alƙalan suna neman wanda za su iya koyarwa ne, kuma sun san bambancin kuskuren tsoro da na rashin shiri.

Ranar gwajin ki guji kofi da goro, don maganin kafeyin da ke cikinsu yana ƙara rawar hannu, kuma ki fita da wuri saboda cunkoson Legas. Wataƙila wani ya ba ki shawarar shan ƙwayar furofaranolol, wadda wasu makaɗa suke amfani da ita. Maganin hawan jini da zuciya ne, yana da haɗari ga mai asma, kuma ba a shan sa sai da izinin likita. Idan kuwa fargabar ta kai ga hana ki barci da cin abinci na makonni, ki ga likita ko masanin halayyar ɗan Adam tun kafin ranar ta matso.