Me ya sa kiran sallar Harami ke riga na talabijin?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Misfala, nan Makka. Nakan ji kiran sallar Harami da kunnena, sai bayan 'yan daƙiƙoƙi in ji shi a talabijin, alhali an rubuta kai tsaye. Abokina ya ce da gangan gidajen talabijin ke riƙe hoto don su tace. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Jinkiri iri biyu ne, kada a haɗa su.

Wanda ka ji, nisan hanya da sarrafa sigina sun isa su jawo shi. Tauraron ɗan'adam irin na Arabsat yana can sama, kusan kilomita 36,000. Hawa da saukar sigina kan ci kusan rubu'in daƙiƙa, ga matse hoton a tasha da warware shi a risibarka. In ta intanet kake kallo, yakan kai rabin minti.

Na ganganci kuwa akwai shi. Hoto da sauti sukan shiga wata na'ura da ke riƙe su, galibi daƙiƙa bakwai, kafin ta sake su. Ma'aikaci na zaune yana ganin abin a lokacin da yake faruwa, yatsansa kan maɓalli. Da wani ya yi ashar, ko tsiraici ko jini ya bayyana, sai ya kashe sautin ko ya juya wata kyamara, ɓarnar ba ta iso gidanka ba. Gidajen rediyo masu karɓar kiran waya sun daɗe da wannan, tun zamanin tef. A Amurka abin ya ƙaru bayan Fabrairun 2004, lokacin da tsiraicin mawaƙiya Janet Jackson ya bayyana a bikin Super Bowl, wasan ƙarshe na gasar ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka, har hukumar sadarwar ƙasar ta ci tashar CBS tarar dala 550,000, wadda kotu ta soke daga baya.

Ni ina goyon bayan a kare idon yara, ba na ɓoyewa. Abin da ke damuna shi ne maɓallin da ke ɓoye batsa shi ne ke ɓoye gaskiya. A gasar cin kofin duniya ta Qatar a 2022, talabijin ɗin gwamnatin China ya riƙa kauce wa nuna 'yan kallo marasa takunkumin fuska, alhali mutanensu na cikin kullen korona.

In kana son gane an taɓa shiri, lura da sauti ya ɗauke baki na motsi, ko a dawo da hoton da ya wuce ana tsakiyar wasa.