Ɓawon Albasa Da Na Rumman: Sharar Gona Da Ke Rina Yadi

Tambaya: Malam, duk lokacin da muka gyara albasa sai ɓawo ya taru tsibi-tsibi, mu cinna masa wuta. Na ji ana rini da shi. Da gaske ne, ko wanki ɗaya launin zai zube?

Amsa: Da gaske ne, ɗan'uwa, kuma raina yana ɓaci idan na ga hayaƙin nan yana tashi. Busasshen ɓawon waje, mai ƙarar kayau-kayau a hannu, cike yake da wani sinadari da ake kira kwasatin, wanda ke ba da launi daga rawaya zuwa ruwan goro. Zubewar da kake tsoro ba laifin ɓawon ba ne, gaggawa ce ke jawo ta.

Fara dafa yadin da sabulu da ɗan soda, har sitaci da maiƙon masaƙa su fita. Ka dubi ruwan da kyau, za ka ga ya yi dauɗa ko da yadin sabo ne fil. Daga nan sai abin da ke riƙe launi, wato alif, gram 100 zuwa 150 a kowane kilo na busasshen yadi. Ulu da siliki suna kama alif kai tsaye. Auduga kuwa tana da taurin kai: sai ta fara kwana a ruwan abu mai bauri, kamar ɓawon rumman ko bagaruwa, sannan alif ya zauna mata. A nan ne yawancin masu gwadawa suke tuntuɓe.

Ɓawon albasa rabin kilo ya ishi kilo ɗaya na yadi. Ka dafa shi awa guda a wuta kaɗan-kaɗan, kada ya yi ta tafarfasa, don zafi mai yawa yana dusashe launi. Ka tace, ka sa yadin yana jiƙe, kana juyawa na wata awar. Bar shi ya kwana a ciki, ka ɗauraye, ka shanya a inuwa.

Tambaya: Malam, ina da lambun rumman. An ce yadin da aka rina da ɓawonsa yana hana ƙwayoyin cuta, yana kuma tare zafin rana. In faɗa wa masu saye haka?

Amsa: Hajiya, maganar tana da tushe. Baurin nan da ke ɗaure baki sinadarin tanin ne, kuma yana rage yaɗuwar wasu ƙwayoyin bakteriya a jikin yadi, abin da ke taimakawa wajen rage warin gumi. Shi da kwasatin duk suna shanye wani ɓangare na hasken rana mai ƙona fata. Sai dai ƙarfin yana raguwa da yawan wanki, kuma yadi mai shara-shara rini kaɗai ba zai mai da shi garkuwa ba. Ki faɗi abin da yake yi, amma don Allah kada ki sayar da shi a matsayin maganin ƙuraje ko abin ɗaure rauni. Idan kina son launi mai duhu, ki jiƙa tsatsattsun ƙusoshi, ki zuba ruwansu kaɗan a cikin ruwan rinin. Rawayar za ta koma toka-toka mai ratsin kore. Kaɗan nake nufi, domin ƙarfe idan ya yi yawa yana cinye zare.

Tambaya: Tukin da ya rage fa, da ɓawon da ba mu yi amfani da shi ba?

Amsa: Tukin ya tafi ramin taki. Sauran ɓawon ka busar da shi sarai a inuwa, ka zuba a buhu mai shan iska, domin da zarar ya yi fumfuna launinsa ya lalace. Wanda aka yi wa feshi dab da girbi ka ware shi. Tukunyar rini kuma kada ta sake komawa kan girki.