Rage wa kwamfuta gudu zai rage kuɗin wuta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da kwamfutar tebur da ba na kashewa dare da rana, domin ita ke ɗaukar bidiyon kyamarorin tsaro na gida. Tun da aka mayar da unguwarmu Band A, katin mita ba ya kai mu mako uku. Wani abokina ya ce in shiga BIOS, wato saitin da ake shiga kafin kwamfuta ta gama tashi, in rage wa furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) gudu. Shin zai yi amfani, ko lalata ta zan yi? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka, rage gudu ba ya ƙona komai. Ƙara gudu ne ke da wannan haɗarin. Sai dai ina jin ribar ba za ta kai yadda abokinka ke zato ba.

Tun farkon shekarun 2000 furosesa ke rage wa kanta gudu idan ba ta da aiki. Intel suna kiran tsarin SpeedStep, AMD kuma Cool'n'Quiet. Wato kwamfutar da ke zaune shiru ta riga ta yi abin da kake son tilasta mata. Inda rage gudu ke biya shi ne inda furosesa ke aiki tuƙuru ba hutu, misali idan manhajar kyamarorinka tana bin kowane motsi a bidiyo tana tantancewa.

Mu yi lissafi. A ce kwamfutarka tana jan watt 60. A awa 24 ta sha yunit 1.44, a wata wajen yunit 43. Tun Afrilun 2024 farashin yunit a Band A ya haura naira 200, kenan kusan naira 9,000 a wata. Kuɗi ne, amma su kaɗai ba za su cinye kati a mako uku ba. Firji da dutsen guga da na'urar sanyaya ɗaki su ne na fara zargi. Ka nemi ƙaramar mitar da ake sa wa a soket, ka auna kowanne, ka daina bugun iska.

Idan duk da haka kana son gwadawa, kada ka fara da BIOS. A Windows shiga Power Options, ka zaɓi Balanced, sannan a Maximum processor state ka mayar da 100 zuwa 99. A yawancin kwamfutoci wannan ɗan canjin yana hana Turbo Boost, tsarin da ke ƙara wa furosesa gudu idan aiki ya yi yawa, tashi, zafi ya ragu, fanka ta yi shiru. In bai yi maka ba, ka mayar yadda yake.

Abin da ya fi rage gudu tasiri shi ne rage ƙarfin wutar da ake ba furosesa, wato boltej. Cin wuta yana bin gudu ne daidai wa daida, amma boltej sau biyu yake shiga lissafi: ka rage shi kashi 10 cikin ɗari, cin wuta ya sauka kusan kashi 19. Akwai manhajojin rage boltej irin su ThrottleStop da Intel XTU, ko da yake kamfanoni da yawa sun toshe wannan ƙofa bayan an gano ɓarakar tsaro ta Plundervolt a 2019. Ni dai ba na ba mai kyamarar tsaro wannan shawara. In ka zarce gona da iri kwamfuta ta daskare da tsakar dare, sai ranar da ɓarawo ya shigo za ka gane ba ta ɗauki komai ba.

Ga wasu ƙananan dabaru: kashe allo. In akwai katin hoto na wasanni a ciki kuma furosesarka tana da nata, cire shi. Ka kuma hure ƙurar hunturu, domin ita ke sa fanka gudu ba dalili.

Da ni ne kai, tsohon laftof zan ɗora wa aikin, ko ƙaramar kwamfuta mai furosesa Intel N100, wadda ke iya zama a wajen watt 10. Wannan yunit 7 ne kawai a wata maimakon 43. Laftof ma yana da batirinsa, ko an ɗauke wuta ɗaukar bidiyo ba zai tsaya nan take ba, muddin kyamarorin su ma suna kan inbata.