Gudun jirgi a iska daban, a ƙasa daban

Kana tambaya me ya sa gudun da allon fasinja ke nunawa bai yi daidai da na ma'aunin matuƙi ba. Allon yana auna gudu a kan ƙasa ne, shi kuwa matuƙi gudun jirgi cikin iska yake dubawa. Akwai ɗan bututu kusa da hancin jirgi mai fuskantar gaba. Ana kwatanta matsin iskar da ta dake shi da na iskar gefe, daga bambancin ne ake lissafa gudun jirgi cikin iska.

Sai dai a kula, iska ba ta da kauri can sama, saboda haka ma'aunin kan nuna ƙasa da ainihin gudun. Duk da haka shi matuƙi ya fi dogara da shi, don matsin nan ne ke riƙe fukafukai.