Ina jin kamar sojan gona nake yi a sana'ata

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni marubuciyar labarin fim ce a Unguwar Rogo, Jos. Shekara shida ina wannan aiki, an ɗauki labaraina huɗu, amma ban taɓa shiga aji na koyi rubutu ba. Duk sanda na zauna da waɗanda suka yi karatu a Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa da ke nan garin, sai in ji kamar sojan gona nake yi, kuma wata rana asirina zai tonu. Wata biyu ke nan ina riƙe da wani labari na kasa miƙa shi. Ciwo ne wannan?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ba ya cikin jerin cututtukan ƙwaƙwalwa da likitoci ke aiki da shi, amma sanannen hali ne, kuma kalmar da kika zaɓa, sojan gona, ita ce ma'anar sunan da masana suka ba shi a Turance, wato "impostor phenomenon" ko "impostor syndrome". Wasu masanan halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Pauline Clance da Suzanne Imes, su ne suka fara bayyana shi a 1978, bayan sun yi aiki da mata kimanin 150 waɗanda suka yi zarra a karatu da aiki, amma kowace tana ganin sa'a ce ko kuskuren wani ya kai ta inda take. Daga baya an gano maza ma ba su tsira ba. Wani nazari da aka buga a 2020, wanda ya tattara bincike 62, ya sami adadin masu fama da shi daga kashi 9 zuwa kashi 82 cikin ɗari, gwargwadon mutanen da aka tambaya da ma'aunin da aka yi amfani da shi.

Tushen matsalar yana cikin yadda kike lissafi. Idan labari ya karɓu, sai ki ce darakta ne ya gyara, ko jaruman ne suka ɗaga shi. Idan fitowa ɗaya ta yi lami, sai ki ɗora wa kanki ita kaɗai. Da irin wannan lissafi ko labari arba'in kika rubuta ba za ki tara hujjar cewa kin iya ba, domin duk ribar kina kai ta asusun wasu, asarar kuma kina ajiye ta a naki.

Aikin ƙirƙira yana ƙara wa abin nauyi. Akawu yana da lissafin da ke fitowa daidai ko ya ƙi, marubuci kuwa ba shi da makin da zai duba, kuma kowane sabon labari daga farar takarda yake farawa. Sannan mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ke ce kika ga shafukan da kika yaga da tsakar dare, kika san cewa maganar da uwar miji ta faɗa a fitowa ta tara sau bakwai kika sauya ta. Na abokan aikinki kuwa gamammen kawai kike gani, sai ki gwada shararki da adonsu. Shaidar makaranta tana da amfani, ba na raina ta, amma furodusan da ya dawo miki har sau huɗu da kuɗinsa ba takarda ya zo saye ba.

Akwai wani abu da ya shafe mu musamman. An tarbiyyantar da mu a kan kunya da tawali'u, idan an yaba mana mu ce ikon Allah ne, kuma gaskiya ne. Sai dai manomin da ya ce Allah ya ba shi buhu ashirin na dankali bai musanta cewa shi ya yi huɗa da noma ba. Godiya ga Allah daban, ƙaryata aikin hannunki daban.

Abin da nake ba ki shawara shi ne ki sami ƙaramin littafi, ga kowane labari ki rubuta abu uku da ke ce kika yanke hukuncinsu, kamar inda kika ɓoye sirrin labarin ko dalilin da ya sa kika cire wani ɗan wasa. Idan an yaba miki, ki ce na gode, ki yi shiru, kada ki bi da "ai ba wani abu ba ne". Ki kuma faɗa wa wani amintacce a cikin sana'ar abin da kike ji. Sau da yawa za ki tarar shi ma yana ɗauke da irinsa.

Idan abin ya kai ga hana ki barci ko cin abinci, ko baƙin ciki ya zauna miki fiye da mako biyu, ki ga likita, akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos. Labarin da kike riƙe da shi kuwa, ki sa masa rana cikin makon nan, ki ba mutum ɗaya ya karanta, kuma kada ki tambaye shi ko ya yi kyau. Ki tambaye shi a wane shafi hankalinsa ya fara tafiya wani wuri.