Amsa ga mai son zama ɗan jaridar ƙwallon kwando

Ɗan'uwa, ka tambaya ko wanda ke zaune a Gombe zai iya cin abinci da rahoton ƙwallon kwando. Zai iya, amma ba da ita kaɗai ba a farko. Gidajen rediyonmu ƙwallon ƙafa suka fi bai wa lokaci, don haka za ka haɗa biyun kafin sunanka ya fita.

Shawarata, ka fara da ƙungiyar Gombe Bulls, ga kuma Bauchi Nets a maƙwabta. Ka riƙa zuwa wurin atisaye, ba ranar wasa kaɗai ba. A nan koci zai saba da fuskarka, ɗan wasa yana kwance igiyar takalmi ya gaya maka abin da ba zai faɗa a gaban makirfo ba. Ka tafi da littafi, ka riƙa rubuta maki da laifukan kowa da hannunka.

Dokoki kuwa, don Allah ka haddace su. Ƙungiya na da daƙiƙa 24 ta jefa ƙwallo. A dokar FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, kowane zango na wasa minti 10 ne, a NBA, babbar gasar Amurka, 12. Wasannin NBA kan zo mana da tsakar dare saboda bambancin lokaci da Amurka, sai ka shirya wa rashin barci.

Abin da ke damuna shi ne ƙarancin masu kawo wannan labari da Hausa. D'Tigress, ƙungiyar ƙwallon kwando ta matan Najeriya, sun kai zagayen 'yan takwas a gasar Olamfik ta Faris a 2024, karon farko ga wata ƙungiyar ƙwallon kwando daga Afirka, amma mutanenmu nawa suka ji cikakken bayani? Nan gurbinka yake. Ka nemi reshen ƙungiyar marubuta wasanni ta SWAN a jiha, ka tambayi sharuɗɗan rajista.