Amsa ga ɗan'uwan da karensa ya ciji yaron maƙwabta

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Sau uku na karanta tambayarka kafin in iya rubuta komai, domin ji na yi kamar labarin gidana ka ɗauko ka baje wa jama'a. Ka ce karenka mai shekara biyu ya fara kai wa baƙi cafka, ya yaga rigar mai ga-ruwa, makon jiya kuma ya sa haƙori a ƙafar yaron maƙwabcinka, uwargida ta ce ba za ta ƙara zama gida ɗaya da shi ba, kai kuma ka kasa rabuwa da shi, kana tambaya ko ka ci gaba da haƙuri ko ka bayar da shi. Na ga wasu sun ce ka sa masa guba ka huta, wasu sun ce ka ƙara masa sanda. Hanyar sanda na bi ta har na yi nadama, ta guba kuwa Allah ne kawai ya tsare ni.

Amma ba ka gaya mana halin da yaron yake ciki ba, kuma shi ne ya fi damuna. Idan ba a kai shi likita ba, don Allah ka ajiye wayar nan ka kai shi yau, ko da ciwon ya fara bushewa. Haukan kare yana iya yin wata biyu ko uku a jikin mutum ba a ga komai ba, ranar da alamunsa suka bayyana kuwa, kusan babu mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 59,000 ne ke mutuwa da shi kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma yara ne suka fi shiga haɗari saboda su ne ke wasa da karnuka, su ne kuma ke ɓoye cizo don tsoron faɗa. Kada ka kashe karen yanzu, kada kuma ka fitar da shi daga gidan, sai likitan dabbobi ya gama sa masa ido, domin lafiyarsa a kwanakin nan ita za ta nuna ko yana ɗauke da cutar lokacin da ya yi cizon.

Nawa karen Duna sunansa. Na saye shi a 2019 bayan ɓarayi sun haura katangar gidana a unguwar Ali Ɗan Sofo ta Maraɗi sun tafi da babur da tunkiya biyu a dare ɗaya. Wani abokin aiki ya haɗa ni da wani mutum da ke da kare ruwa biyu, rabi berje, wato irin karnukan Turai, rabi na gida, ɗan shekara ɗaya da ƴan watanni. Mutumin nan ya dube ni ido cikin ido ya rantse cewa karen da yara ya tashi, ko kaza ba ya kora, dare ne kawai yake aikinsa. Na ƙirga masa jika 60 na ɗauko Duna. Sai daga baya, bayan mai afkuwa ta afku, wani yaron gareji ya gaya mini cewa tun yana ɗan kwikwiyo a ɗaure yake a bayan garejinsu cikin rana, yara suna tsokanarsa da ƙarfe wai don ya yi zafi, kuma ya riga ya ciji mutum biyu, shi ya sa ake neman kai da shi.

Ranar wata Juma'a ce cikin watan Afrilu, zafin nan da ko inuwa ba ta da daɗi. Na dawo daga masallaci na bar ƙofa a sakaye, ban san zoben sarƙar ya cinye ba. Akwai wani almajiri da bai wuce shekara tara ba, kullum shi ke zuwa karɓar abincin rana a wurin uwargida, har yarana suna kiransa da sunansa. Ya yi sallama ya shigo zaure da robarsa a hannu. Ni dai ƙarar sarƙa na ji tana jan ƙasa, kafin in ajiye darduma Duna ya kama shi a sha-raɓa ya riƙe yana girgizawa. Robar ta gangara har bakin rariya. Da ƙyar na ɓamɓare bakinsa da muciyar da uwargida ta miƙo mini. Abin da ya tsaya mini a rai har yau shi ne yaron bai yi wani ihu ba, jikinsa kawai ke rawa, yana kallona yana cewa: "Baba, wallahi ban yi masa komai ba." Yaron da iyayensa suke can wani ƙauye, suka ba da shi amana don ya yi karatu, ya zo neman abinci gidana ya samu wannan. Na ɗauke shi zuwa bakin famfo muka wanke ciwon da ruwa da sabulu har minti 15, kamar yadda likitoci suke cewa, jini yana bin ruwan, ƴata ƙarama tana tsaye a ƙofar ɗaki ta kasa ko kuka. Wasu dattawan unguwa suka ce a tsigo gashin karen a ƙona a shafa a ciwon. Na roƙe su da girman Allah su bar ni in kai shi likita, domin gashi ba ya kashe ƙwayar cuta. Sai bayan la'asar muka samu allurar rigakafin haukan kare, na hau kabu-kabu ina bin farmasi ɗaya bayan ɗaya. An yi masa biyu a ranar, ɗaya a rana ta 7, ɗaya a rana ta 21, da ta ciwon sarƙewar haƙora, wato tetanos. Kwana 15 da likitan dabbobi ya ɗiba yana duba Duna, ban yi barcin kirki ko na dare ɗaya ba.

Na koma wurin wanda ya sayar mini da shi, ba don ya mayar mini da kuɗi ba, ina so ne kawai ya amsa cewa ya ɓoye mini gaskiya. Yana zaune kan benci yana shan shayi, ko tashi bai yi ba, ya ce: "Malam, ai kare ka ce kana so, ba rago ba." Na ce masa yaro na kwance da ƙafa a kumbure, ya ce Allah ya sawwaƙe, ya ci gaba da hirarsa. Shekaru sun wuce amma har yanzu idan na bi ta layin sai raina ya ɓaci. Da ya gaya mini kalma ɗaya tak, da na san irin tsaron da zan yi, ko in bar masa kayansa. Ya san ina da ƙananan yara biyar, da bakina na gaya masa. Na yafe wa mutane da yawa a rayuwata, shi kam na bar shi da Allah.

Bayan haka na sake yin wani kuskuren, shi ya sa nake ja maka kunne game da masu cewa ka ƙara sanda. Na ɗauko wani mai cewa yana horar da karnuka, aikinsa shi ne duk lokacin da Duna ya yi gurnani sai ya zabga masa tiyo. Cikin mako uku gurnani ya ɗauke, na yi murna na biya shi. Ashe gurnanin nan shi ne gargaɗin kare, da shi yake cewa a ja baya, mu kuma muka hana shi faɗa muka bar masa tsoron da ke cikinsa. Ni ne na fara biyan kuɗin wannan horo: na kai hannu zan shafa kansa ya kama mini tafin hannu ba tare da ko sauti ba. Da likitan dabbobi ya duba shi da kyau sai ya tarar kunnensa na hagu ya ruɓe daga ciki, kaska ta cika shi. Ka sa a duba naka, kunne da haƙora da ƙafafu, domin kare mai ciwo ba ya son a taɓa shi, kuma sauyin hali na farat ɗaya sau da yawa ciwo ne.

Wata takwas na yi ina ƙoƙari. Na cire sarƙa na yi masa shingen waya a ƙarƙashin dogon yaro, da ruwa a kasko kullum. Na sayi takunkumi na saba masa da shi a hankali, ina sa ɗan nama a ciki, bayan sallar asuba mu fita mu yi tafiya mai nisa kafin gari ya cika. Na hana yaran layi jifansa ta saman katanga, wannan ma sai da na je gida-gida na yi wa iyayensu magana, domin yaranmu sun ɗauki jifan kare wasa, mu manya kuma muna gani mu yi shiru, alhali mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda mage da ta kulle ba ci ba sha. Duna ya yi sauƙi ƙwarai, ya koyi zama idan na ce zauna. Amma duk lokacin da yaro ya gifta da gudu sai in ga jikinsa ya sandare, bakinsa ya rufe, idonsa ya kafe. Gidana kuwa gidan shige da fice ne, almajirai da ƴan talla da matan unguwa masu zuwa barka da gaisuwa. Uwargida ta daina barin yara su yi wasa a tsakar gida, ita kanta ta rame. Wata rana ta ce mini a hankali: "Malam, mu ne a ɗaure yanzu." Ban iya ba ta amsa ba.

Ka tambayi kanka irin cizon da naka ya yi. Akwai wanda ya tsorata ya ɗan kama ya saki ya ja baya, irin wannan ana iya gyara shi idan akwai wuri da lokaci. Akwai kuma wanda ya bi yaro ya riƙe yana girgizawa, kamar Duna, shi kam ban ga yadda za a yi ya zauna gidan yara ba. Kada kuma ka ɗauki maganar uwargida a matsayin ƙiyayya, ita ce ke wuni da shi kai kana wurin aiki.

A ƙarshe wani dattijo mai garkar zogale a Jiratawa, kusa da Maraɗi, ya karɓi Duna, mutum ne da ya yi kiwon karnukan farauta tun yana saurayi, garkarsa a kewaye take, babu yara a wurin. Ranar wanka ba a ɓoye cibi, don haka na zaunar da shi gaban ɗansa na gaya masa komai: mutum biyun farko, almajirin, hannuna, har tabon na nuna masa. Na ba shi katin rigakafi da takunkumin, na ɗauki alkawarin biyan allurar kowace shekara. Sau uku na kai Duna ya wuni a can kafin in bar shi, na kuma tafi masa da buhun da yake kwana a kai. Da na juya zan tafi ya bi ni har bakin shinge yana kuka, ni ma a kan babur hawaye ya hana ni ganin hanya, sai da na tsaya gefen titi.

Idan bayarwar za ka yi, kada ka miƙa shi ga duk wanda ya fara zuwa. Akwai masu yawo suna karɓar karnuka suna tsallaka iyaka da su zuwa kasuwannin da ake sayar da su don nama, akwai kuma wanda zai kai shi bayan wani garejin ya ɗaure. Kada ka kai shi bayan gari ka sake, zai shiga cikin karnukan bola ya ciji ɗan wani wanda ba shi da mai saya masa allura. Idan kuwa likitan dabbobi ya ce haɗarinsa ya wuce a ba kowa, ka bari shi ya yi masa allurar da za ta ɗauke shi ba tare da azaba ba. Guba mutuwar wulaƙanci ce, kuma ba ta tsayawa kan wanda aka nufa, kaji da awaki da maguna duk suna ci.

Duna yana nan da ransa, ya tsufa, gemunsa ya yi fari, ina zuwa ganinsa duk ƙarshen wata. Almajirin ya warke, ya ci gaba da zuwa gidana har ya sauke ya koma garinsu, sai dai bai ƙara shiga zauren ba, daga waje yake tsayawa ya yi sallama. Ka rubuto mana ka gaya mana ko an yi wa yaron allura, da kuma ranar da aka yi wa karen rigakafinsa na ƙarshe. Allah ya ba yaron lafiya, ya kuma sanyaya zuciyar iyayensa.